Yadda ake gina fadamar tace ruwan masana'anta a Maraɗi

Garin Maraɗi a kan tudu yake zaune, gulbi yana gangare. Tun ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari mutane suka hawo sama, amma ruwan da muke zubarwa har gobe gangaren yake nufa. Na mayanka, na majema, na marina, na masu matsar man gyaɗa da na wurin wankin mota, ko dai ya bi magudana ya sauka inda masu garka ke noman tumatir da salati, ko ya nutse cikin rairayi ya tarar da ruwan rijiyoyin unguwa. Gulbin kansa ƴan watanni yake gudu a shekara, kuma tun da aka datse shi a Jibiya ruwansa ya ƙara raguwa. Ba mu da kogin da zai kwashe mana dauɗa ya tafi da ita.

Injinan tace ruwa na manyan kamfanoni suna son wutar da ba ta yankewa, da magunguna, da ƙwararren da zai zauna a kansu. Mai ƙaramar masana'anta ba shi da ko ɗaya. Abin da zai iya samu shi ne fili da tsakuwa da ƴan aiki, kuma da su ake yin ginanniyar fadama: rami mai faɗi marar zurfi, a shafe ƙasansa yadda ruwa ba zai zurare ba, a cika shi da tsakuwa, a dasa ciyawar ruwa a kai, sannan ƙazamin ruwa ya shiga ta wannan gefe, ya ratsa a hankali, ya fita ta wancan. Wata masaniyar tsirrai ƴar Jamus, Käthe Seidel, ce ta fara gwajinsa a shekarun 1950, a 1974 kuma aka gina babba a garin Othfresen. Kada a ce dabarar ƙasar sanyi ce. A Nimr, cikin hamadar Oman, akwai ginanniyar fadama da ke tace fiye da mita kubik 100,000 kowace rana na ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen man fetur.

Wanda ya ga ciyawa ta yi kore zai ɗauka ita ke shanye dauɗar. Kaɗan take sha. Masu aikin su ne ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin tsakuwa da saiwoyi, suna cinye abin da ke ruɓewa, tsakuwa kuma tana tare gari-garin da ke yawo cikin ruwa. Ciyawa tana ba su wurin zama, tana sakin ƴar iska ta saiwarta, tana yi wa saman inuwa. Zafinmu yana sa ƙwayoyin nan su yi aiki da sauri duk shekara. Sai dai abin da za su iya ci a rana yana da iyaka. Wanda ya tura musu jini da kitse da soda kai tsaye, fadamarsa za ta toshe ta yi ɗoyi kafin shekara ta zagayo, ya ce dabarar ba ta aiki. Fadama ita ce zangon ƙarshe na ruwa, kuma fiye da rabin aikin ana gama shi kafin ruwan ya iso wurin ciyawa.

Fara da sanin ruwanka

Kafin a sa diga a ƙasa, ka san lita nawa kake zubarwa a rana. Ba sai da na'ura ba. Ka tara ruwan a tano mai lita 200, ka ƙirga sau nawa ya cika daga safe zuwa tashi aiki, ka yi haka mako guda cur, har da ranar kasuwa. Ka kuma tuna da lokacin da aiki ke tumbatsa: majemi ya san abin da ke biyo bayan layya, mai matsar gyaɗa ya san kaka. Da ranar da ta fi yawa ake lissafi.

Sai ɗaukar samfur. Kada ka ɗebi kwalba ɗaya da safe ka ce shi ke nan, don ruwan ƙarfe 8 daban yake da na azahar. Kowace awa ka ɗebi kofi ɗaya ka zuba a jarka mai tsabta da ke cikin kula da ƙanƙara, da yamma ka girgiza ka cika kwalba, ta isa ɗakin gwaji kafin awa 24. Ma'aikatar ruwa ta jiha da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su nuna maka inda ake awon, akwai kuma ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai.

Takardar sakamako da Faransanci za ta zo. Abubuwa biyar za ka duba. DBO5 shi ne nauyin dauɗar da ke ruɓewa, kuma da shi za a auna girman fili. DCO ya haɗa mai ruɓewa da marar ruɓewa. In ya ninka DBO5 fiye da sau 3, ruwanka mai taurin kai ne, ciyawa da tsakuwa kaɗai ba za su iya da shi ba. MES shi ne gari-garin da ke toshe tsakuwa. pH yana nuna tsami ko kaifin soda, kuma fadama tana son ya tsaya tsakanin 6 da 9. Na biyar awon gishiri. In kana jima da sinadari ko kana rini, ka ce a auna kurom da sauran ƙarafa.

Akwai ruwan da ban yarda a kai shi fadama ba sam: na wurin fasa batir mai dalma, na wankin zinariya da zaiba, da na wankin kwanon maganin ƙwari. Waɗannan ba sa ruɓewa, taruwa suke yi. Abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ishara.

Raba ruwa tun daga cikin gida

A nan ake samun riba mafi girma da kuɗi mafi ƙanƙanta, kuma a nan aka fi yin sakaci.

A mayanka, jini ne babban kaya. Lita ɗaya ta jini tana ɗauke da giram 150 zuwa 200 na DBO5, wato ita kaɗai tana bukatar fili da ya haura murabba'in mita 10. Sa guda yana zubar da lita 10 ko fiye. Ka lissafa da kanka. A tare jinin a kwano tun wurin yanka, a dafa, a shanya, ya zama taki. Abin da ke cikin tumbi da hanji a kwashe shi da shebur a busasshe a kai juji na takin gargajiya, kada a kora shi da tiyo. Shara kafin wanki: wannan ƙa'ida ɗaya tana iya rage filin da za ka saya sosai, amma sai sarkin fawa ya tsaya a kanta, don yaran mahauta sun saba da kora komai da ruwa.

A majema akwai ruwa iri-iri, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne. Fatar da aka adana da gishiri, a kakkaɓe gishirin a busasshe kafin a jiƙa ta, domin fadama ba ta cire gishiri ko ƙwaya ɗaya. Gashi da tozon nama a tsame su da hannu. Masu jimar gargajiya da toka da bagaruwa, ruwansu baƙi ne mai nauyi amma yana kwantawa in an ba shi lokaci. Masu jimar zamani da kurom kuwa, ruwan kurom ɗin ya samu nasa tankin shi kaɗai. A zuba masa farar ƙasa kaɗan-kaɗan ana motsawa har pH ya kai 8 zuwa 9, a bar shi ya kwana. Kurom zai kwanta a ƙasa, laka mai shuɗi-kore, a tsiyaye na sama a tura gaba.

Ga wani gargaɗi da ya shafi rai. Ruwan cire gashi da aka sa wa sinadarin salfa, kada ya taɓa haɗuwa da ruwa mai tsami. In sun haɗu suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya faɗi nan take. A ware shi a buɗaɗɗen tanki a sarari, ana kaɗa shi iska tana shigarsa, kafin ya bi sauran.

Marina ta zamani tana aiki da soda mai ƙuna, ruwanta yakan haura pH 11, yana ƙone saiwa. Sai an sauko da shi, ko ta gauraya shi da ruwan ɗauraya mai yawa, ko da ɗan asid a hannun wanda ya iya. Masu man gyaɗa da sabulu da gareji matsalarsu mai ne, baƙin man inji kuwa a tara shi a tano, kada ya kusanci magudana. Ruwan rufin kwano da na tsakar gida a ba shi tasa hanyar daban.

Tacewar farko

Abubuwa uku ne a jere kafin fadama. Na farko raga ta ƙarfe a bakin magudana, tazarar sandunanta santimita 1 zuwa 2, don leda da gashi da tsumma. Na biyu tarkon mai: ƙaramin tanki mai katanga a tsaka wadda ba ta kai ƙasa ba, ruwa ya bi ta ƙarƙashi, mai da kitse su taso sama a kwashe. Na uku tankin kwantarwa mai ɗaki biyu ko uku, a rufe, wanda zai riƙe ruwan kwana biyu. Ga mai zubar da lita 5,000 a rana, tanki mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1.5 ya isa, ɗakin farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Bututun fita ya zama mai kai irin na harafin T, ya nutse ƙasa da kumfar sama, don kada ta bi shi.

Tankin nan yana kwantar da fiye da rabin gari-gari, yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na DBO5. Yana kuma yin wani aiki da ba a cika lura da shi ba: masana'anta tana zubar da ruwa ne a guje cikin awa biyu ko uku, tanki kuma yana gauraya mai kaifi da mai sanyi ya sake su a hankali. Mayanka mai girma gara ta ƙara da ramin gas, ta samu wutar dafa jini daga dauɗarta.

Wace irin fadama?

Iri uku ne. Akwai mai ruwa a sarari kamar tafki. Ita ce mafi arha, amma ba na ba kowa shawararta a cikin gari ko kusa da shi. Sauro zai samu gida a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya addabi yara, dodon koɗi mai kawo tsargiya zai shiga, yara za su yi wanka, rana kuma ta shanye ruwan.

Akwai mai ruwa a ɓoye cikin tsakuwa yana tafiya a kwance. Saman busasshe ne, ana iya takawa, ba sauro, ba ta son wuta in fili yana da gangare. Ita ce za mu bi a nan.

Ta uku ana watsa mata ruwa daga sama sau da yawa a rana, ya tsiyaye ƙasa ta cikin yashi. Tana shaƙar iska sosai, tana ɗaukar kusan ninki biyu na kayan da ta kwance ke ɗauka, kuma ita ke iya da warin fitsari da ke cikin ruwan mayanka. Amma tana son famfo da mai kula da shi. In fili ya yi ƙaranci ko ruwan ya yi nauyi ƙwarai, a sa ta a gaba, ta kwance ta biyo baya, kuma a nemi injiniya ya zana.

Lissafin girma

Mu ɗauki ƙaramar mayanka mai zubar da lita 5,000 a rana, tano 25 ke nan. An tare jini, ruwa ya bi ta tanki, awo ya nuna DBO5 miligiram 600 a kowace lita. Ninka 5,000 da 600, ka raba da 1,000: giram 3,000 a rana. A ƙasa mai zafi, murabba'in mita ɗaya na fadamar kwance yana iya cinye kusan giram 15 a rana ba tare da ya ƙoshi ya toshe ba. Raba 3,000 da 15, ka samu murabba'in mita 200.

Siffar filin ma magana ce. Hankali zai ba ka ka yi shi dogo siriri don ruwa ya daɗe yana tafiya. Kada ka yi. Duk dauɗar a bakin shiga take fara sauka, in bakin ya yi ƙunci nan zai toshe. Ƙa'idar ita ce kowane murabba'in mita na fuskar da ruwa ke shiga kada ya karɓi fiye da giram 250 a rana. Raba 3,000 da 250, ka samu 12. Zurfin tsakuwa santimita 60 ne, saboda haka faɗin baki ya zama mita 20, tsawo mita 10. Sai ka raba shi fangali biyu, kowanne mita 10 a kan 10, gefe da gefe, kowanne da makullin ruwansa. Ranar da ɗaya ke bukatar hutu ko gyara, ɗayan yana aiki, masana'anta ba ta tsaya ba.

Ruwa yana zama ne a ramukan da ke tsakanin tsakuwa, kusan kashi 35 cikin 100 na wurin. Fili 200, zurfin ruwa rabin mita, zai riƙe lita 35,000, wato ruwan zai yi mako guda kafin ya fita. Ya wadatar.

Yanzu ga abin da littattafan Turai ba su damu da shi ba amma mu dole mu damu. A watannin Afrilu da Mayu, rana da ciyawa suna iya shanye kusan milimita 10 a rana. A fili 200, lita 2,000 ke nan cikin 5,000. Ruwa ya tafi sama, gishiri ya zauna, wanda zai fito ya fi wanda ya shiga gishiri da kusan kashi biyu cikin uku. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a ƙara girma don a samu kwanciyar hankali ba. Girman da ya wuce kima a nan yana nufin ba abin da zai fito a bazara, ciyawar ƙarshen fangali ta bushe. Maganin ruwa mai nauyi shi ne a rage nauyinsa tun daga baya. Da damina kuma abin ya juya: ruwan sama na milimita 50 a dare ɗaya zai zuba lita 10,000 a kan filin, don haka a bar bango ya ɗara tsakuwa da santimita 30, a yi masa mafitar ambaliya.

Wuri da izini

A zaɓi wurin da ke ƙasa da masana'anta don ruwa ya gangaro da kansa, amma ba cikin kwarin gulbi inda ambaliya ke kaiwa ba. Ya nisanci kowace rijiya da aƙalla mita 30, a rairayi ma a ƙara. A nisanci dogon yaro da sauran manyan itatuwa, saiwarsu tana huda shafe, inuwarsu tana hana ciyawa girma.

Dokar muhalli ta Nijar mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 da dokar ruwa ta 2010 sun ɗora wa mai gurɓata ruwa alhakin abin da ya zubar, kuma hukumar BNEE ce ke duba tasirin ayyuka a kan muhalli. Ka je ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin magajin gari da zanenka kafin ka fara. Ka kuma zauna da mai unguwa da maƙwabta. Wanda ya ga ana haƙa rami don ruwan mayanka a bayan gidansa yana da haƙƙin a yi masa bayani.

Haƙa da shafe

Haƙa zurfin kusan mita ɗaya. Ƙasan ya ɗan gangara zuwa mafita, santimita ɗaya a kowace mita. A daddaɓe shi, a tsince duk dutse mai kaifi da saiwa.

Shafe shi ne wurin da ba a yin rowa. Ƙasarmu ta tudu rairayi ce, fadamar da ba a shafe ba hanya ce kawai ta kai dauɗa rijiya. Hanya uku ce. Yumɓu daga fadama, kaurin santimita 30, a zuba hawa uku ana jiƙawa ana daddaɓewa. Yana da arha amma in ya bushe sau ɗaya ya tsage, ya gama aiki. Leda mai kauri ta musamman, milimita 1 zuwa 1.5, a shimfiɗa ta a kan yashi mai laushi, a binne bakinta a bayan bango don rana ba ta barin leda. Ledar shanya ta kasuwa ba ta yi. Ko kankare da bulo a shafe da siminti, wanda ya fi dacewa da ƙaramin fangali. Duk wadda aka zaɓa, wurin da bututu ya ratsa bango nan ne yoyo ke farawa, magini ya ba shi lokacinsa.

Kafin tsakuwa ta shiga, a gwada. Cika ramin da ruwa, ka yi alama a bango. Ka ajiye rabin tano cike da ruwa a gefe, shi ma da alama. Bayan kwana biyu ka gwada raguwarsu. In daidai suke, rana ce ta sha. In na rami ya fi raguwa sosai, akwai yoyo, kuma yau ne ranar nemansa, don bayan an zuba mita kubik 120 na tsakuwa ba mai sake ganin ƙasan.

Tsakuwa da bututu

Tsakuwa mai girman milimita 8 zuwa 16 ake so, mai tauri, wankakkiya. Marmara mai farfashewa ba ta yi, za ta koma jar laka. Ka sa hannu ɗaya a kwalba da ruwa ka girgiza: in ruwan ya yi jawur ya ƙi washewa, a tankaɗe a wanke ta a waje. Aiki ne mai gajiyarwa, ƴan aiki za su so tsallake shi, ka tsaya a kansu. A zuba da baro, tifa kada ta taka ciki. Ƙasa yana da gangare amma saman tsakuwa ya zama daidai wa daida, a auna da tiyon ruwa irin na magina.

A bakin shiga da bakin fita, a jera manyan duwatsu masu girman dunƙulen hannu, faɗin rabin mita zuwa mita ɗaya. Bututun shiga ya kwanta a saman duwatsun daga wannan kusurwa zuwa waccan, da huda a jere, da murfi a kowane ƙarshe don a iya zura sanda a wanke. In bai kwanta daidai ba, duk ruwan gefe ɗaya zai bi, rabin fangali ya zauna banza. Bututun tarawa kuma yana can ƙasa a ɗaya bakin, ya fita zuwa wani ɗan rami mai murfi. A cikin ramin nan a sa masa gwiwa mai juyawa da guntun bututu a tsaye. Tsayin bakin guntun nan shi ne tsayin ruwan cikin fangali. A daidaita shi ruwa ya tsaya santimita 5 zuwa 10 ƙasa da saman tsakuwa.

Sai shinge. Jar akuyar Maraɗi ba za ta ga kore a tsakiyar rani ta wuce ba. Zana ta gefen gabas kuma tana rage ƙurar hunturu.

Ciyawa

A ɗauko ta kusa, wadda ta saba da ƙasarmu. Kacalla tana da juriya ƙwarai, tana ɗaukar ruwa mai nauyi da ɗan gishiri, amma tana da haɗari. Ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ta hana manoma da masunta sakat. Wanda ya dasa ta ya ɗauki amana: ya yanke ta kafin kanta ya nuna ya fara tashi cikin iska, don kada irinta ya sauka a magudanan Jiratawa ko tafkin Madarumfa. Jema ta fi kwantar mini da hankali, saiwarta tana nutsawa har ƙasan fangali, tana jure ƙishi in aiki ya tsaya. Burgu ya dace da ruwan masana'antar abinci. Kainuwa da ire-irenta masu yawo a kan ruwa ba su da wurin zama a nan.

Dashe huɗu a kowane murabba'in mita, 800 ke nan a misalinmu. A wanke ƙasar jikin saiwa, a rage ganyen, a cusa saiwar ta taɓa ruwa. Farkon damina, Yuni zuwa Yuli, ya fi kowane lokaci.

Fara aiki da kulawa

Makonni huɗu zuwa shida na farko ruwa mai tsabta za a ba ta, a ɗaga gwiwa ruwan ya zo dab da sama. In sabon toho ya fito, a fara sa kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan masana'anta, bayan mako biyu rabi, a haka har a cika a cikin wata uku. Ana yi ana sauke gwiwa kaɗan-kaɗan don saiwa ta bi ruwa ƙasa. Ƙwayoyin da za su yi aikin su ma sai sun hayayyafa, don haka awon watan farko ba ya nuna komai.

Raga kullum ake share ta. Tarkon mai kowane mako. Tankin kwantarwa a zura masa sanda duk wata, in laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfi a kwashe, a shanya a kan shimfiɗar yashi. Kada kowa ya shiga cikin tanki. Iskar da ke ciki tana kashe mai shiga da wanda ya bi shi ceto. Ciyawa a yanke ta sau biyu a shekara, a bar tsayin taki ɗaya, a kwashe abin da aka yanka. In masana'anta ta tafi hutu, a ci gaba da ba fangali ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga ya kwanta a saman tsakuwa kusa da bakin shiga, toshewa ce ta fara: ka rufe wannan fangali ya huta mako biyu ko uku, ka kwashe manyan duwatsun ka wanke, sannan ka koma ka duba tanki, don kusan kullum daga can matsalar take. Ganye ya yi rawaya daga bakin shiga, soda ce ko tsami. Ya ƙone daga bakin fita a bazara, gishiri ne ko ƙishi. Wari mai ƙarfi yana nufin kaya sun yi yawa, ka tambaya ko an koma kora jini. A ajiye littafi a rubuta duk wannan, a maimaita awo duk wata uku.

Ruwan da ya fito, da abin da ya rage

Zai fito garau, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Mutanen wannan jiha sun san ruwa garau na iya cutarwa: ruwan famfon Tibiri da ya lanƙwasa ƙasusuwan yara tsakanin 1985 da 2000 ba shi da laifi a ido, sinadarin fulor ne daga ƙarƙashin ƙasa ya yi masa yawa. Ruwan fadama ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ba na shayar da dabba ba. Ya dace da ban ruwan itatuwa, da buga bulo, da kwantar da ƙura, da wankin daɓen masana'anta. Salati da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye, sai awo ya nuna ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki sun sauka yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. In awon gishiri ya haura 3 a ma'aunin dS/m, zai kashe ƙasar garka a hankali, gara a kai shi ga itatuwa masu juriya irin su bagaruwa.

Ciyawar da aka yanka daga ruwan abinci tana iya zama taki ko zana. Wadda ta sha ruwan kurom ko na rini kuwa ba a ba dabba, ba a sa ta a murhu. Lakar kurom ma kada a ƙone ta, wuta tana mayar da shi wani nau'i mai guba da ke jawo ciwon daji. A busar da ita a binne a ramin da aka shafe, nesa da rijiya.

Majemi ɗaya mai ramuka biyar ba zai iya wannan shi kaɗai ba, haka ma marini. Inda masu sana'a ke zaune wuri ɗaya, kowa ya yi ragarsa da tarkonsa a ƙofarsa, tanki da fangali su zama na ƙungiya. Tun kafin a haƙa, a gaban sarkin sana'a, a yanke nawa kowa zai riƙa bayarwa duk mako, a kuma naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda za a biya don share raga, kwashe mai da duba gwiwa.